Ɗigon Gam A Kan Takwas

Ely, 4 ga Disamba

Duane,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka da ba ta rabo da ƙorafi. Ka yi haƙuri da rubutun. Da alƙalami mai kauri nake yi yanzu, kalma huɗu ta cika layi, har 'yata Lynette tana cewa wasiƙata ta yi kama da allon gwanjo. Ita ke karanta mini duk abin da ya zo ta gidan waya, saboda haka idan za ka zage ni, ka zage ni da ladabi.

A cikin ambulan ɗin akwai hotona na baje kolin ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto na watan Fabrairu. Kada ka taɓa shi da hannun da ka ci kifi. Irja ce, zaune a kujerarta a lambunmu na Duluth, wata biyu kafin ta rasu. Lynette ta wanke fim ɗin ta buga mini, ta ce fuskar mamanta ta fito tar, har gashin ido ana gani. Ni dai ka san halin da nake ciki. Tsakiyar idona ta mutu, gefe kawai ya rage, komai na duniya dishi-dishi yake a wurina, mai kyau da mummuna. Amma hannu bai manta aikinsa ba.

Da tsohuwar kyamarar nan mai naɗewa na ɗauka, mai faffaɗan fim, wadda ka kawo mini a Afrilu da na ce maka na daina ganin inuwa biyun. Shekara hamsin ina leƙa kyamara ina murza gilashi har inuwa biyun nan na tsakiya su haɗe su zama ɗaya, in san nisa ya yi daidai. Ranar da na leƙa na ga babu su, na zauna a matakala na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa. Taka ba ta da wannan ma'aunin, sai lambobi a jikin gilashi, mutum ya kintaci nisa da kansa ya murza. Ɗigon gam ɗin da ka sa mini a kan takwas ya yi mini rana. In laluba da yatsa in ji shi, in ja da baya taku uku daga kujerarta, ƙafa takwas ke nan, in danna. Haka na yi ta yi daga Yuni har Satumba. Wata rana ta gane ni, wata rana ta ce, “Bawan Allah, wa ya aiko ka?” In ce gwamnati ce, sai ta gyara wuyan rigarta.

Ka rataye shi a bangon laburaren da ke kallon ƙofa. Ban taɓa fashin baje koli ba tun da na kafa ƙungiyar nan a ɗakin ƙasa na coci, kai kana ɗauka mini jaka. Wannan ne na ƙarshe, kuma ina so mutanen da suka ci burodinta su gan ta yadda take.

Ka gaida mutanenmu duka, har da Butch in yana jin magana.

Naka,
Arvo


Duluth, 11 ga Disamba

Zuwa ga Mista Arvo Salmela,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sake yi maka ta'aziyyar Irja a madadin Ƙungiyar Inuwa Biyu. Hotonka ya iso lafiya, kuma da safar hannu na buɗe shi.

Ina baƙin cikin sanar da kai cewa ba za a iya rataye shi ba. Doka ta huɗu ta ce: “Ba a karɓar hoto sai wanda aka ɗauka da kyamara mai ma'aunin nisa a jikinta. Mai kintace ba namu ba ne, ya nemi wata ƙungiyar.” Jimla ta biyun na so a cire ta tun da daɗewa, don ta fi kama da gori fiye da doka, amma wanda ya rubuta ta ya hana. Ina jin ka san shi.

Har yau muna yin abin da ka koya mana. Duk wanda ya zo taro sai ya miƙa kyamararsa a bakin ƙofa, a leƙa fitila da ita, in an ga inuwa biyu ya shiga. Wadda na ba ka, ko daga nan zuwa Ista za a yi ta leƙa ta, inuwa ɗaya za a gani. Na ba ka ita ne don ta rage maka zaman banza. Ban ce maka ta cika sharaɗi ba, kai ma ba ka tambaya ba.

Idan kana da wani tsohon hoto da aka ɗauka bisa ƙa'ida, ko na jiragen ruwa ne, ka aiko kafin sabuwar shekara, za a nema masa wuri.

Naka cikin girmamawa,
Duane Torgerson
Sakatare


Ely, 15 ga Disamba

Duane,

Ina gaisuwa, tunda uwata ta koya mini gaisuwa. Lynette ta karanta mini takardarka, na sa ta maimaita, don na ɗauka ofishin haraji ne ya rubuto. Ni ne yau Mista Salmela? Mutumin da ya koya maka saka fim a cikin duhu, sa'ad da kake fitowa daga ɗakin wanke hoto da fim a naɗe a yatsunka kamar taliya?

Tunda doka kake so, zauna in koya maka ita. Mene ne ma'aunin nisa? Tagogi biyu ne da ke kallon abu ɗaya daga wuri biyu, su gaya maka nisansa. Allah ya sa wa kowa irinsa a fuska tun kafin a ƙera kyamara. Nawa ya lalace, amma kafin ya lalace ya koya wa ƙafata aikinsa. Ka tsayar da ni a kowane ɗaki in gaya maka nisan bango, kai ka je ka nemo igiyar awo. Ita kuma kyamarar, ta taga ake leƙa ta ba ta cikin gilashi ba, ba ta da madubin da ke tsalle, ba ta da ƙara. Danginmu ce ta kowace fuska, ƙanƙanin ƙarfe ɗaya kawai ta rasa. Idan mutum ya rasa haƙori ɗaya ba a korarsa daga dangi.

Dokar nan ni na rubuta ta, na kuma san dalili. Na rubuta ta ne don 'yan yawon Lahadi da ke danna kyamara su ce Allah ya sa a dace. Ba don ni na rubuta ta ba, kuma ka sani sarai.

Abin da ke cin ranka daban ne. Shekara talatin kana ɗaukar gadar nan ta bakin tabki, daga hagu, daga dama, da hazo, ba hazo, har yau ba wanda ya tsaya gaban hotonka ya manta kofinsa ya huce. An ba ka littafin taro da makullin coci, sai ka ɗauka hoto ka iya. Marlys ma, Allah ya ji ƙanta, ta fi ka sanin matsayinta. Kofi ta iya, kofi ta yi mana shekara da shekaru, ba ta taɓa cewa ta san hoto ba. Da ka koyi wannan a wurin matarka, da ka huta.

Ina so a jefa ƙuri'a a taron Janairu. Ka karanta musu wasiƙar nan daga farko har ƙarshe, in kana da zuciyar.

Ka huta lafiya.

Arvo Salmela
wanda ya kafa ƙungiyar


Ely, 16 ga Disamba

Kawu Duane,

Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, da fatan kuma wani yana share maka ƙanƙarar ƙofar gida, ba kai da gwiwarka ba. Baba bai san na rubuto ba. Jiya ya hana ni ganin abin da ya rubuta maka, ya manne ambulan da kansa, ya taka har akwatin gidan waya da takalmin ɗaki. Na san halinsa, saboda haka duk abin da ya ce, ka yi haƙuri.

Ka ga hoton, ba sai na ɓoye maka ba. Fuskar Mama ba ta fito ba. Wani farin abu ne kawai a kan kujera, kamar an rataye tawul. Ba shi kaɗai ba ne, duk fina-finan da ya ɗauka haka suke, ba ko ɗaya da za ka ce ga idonta. Tun a Yuli da na wanke na farko na gani. Na fito daga ɗakin wankin na same shi a tsaye a bakin ƙofa, ya ce, “To, yaya? Tsohon ya mutu ko da saura?” Kawu, me zan ce masa? Na ce, “Da saura, Baba, ta fito tar.” Ya yi dariya irin wadda rabon da in ji ya yi tun kafin Mama ta fara mantuwa. Ina jin hannunsa ne ke rawa, ko takunsa ya gajarce, ban sani ba. Daga nan duk fim ɗin da ya ba ni sai in ce ya fi na baya.

Tun da ya dawo wurina ba abin da yake yi sai zama gaban taga da hoton nan a cinya. Ba ya zuwa coci, ba ya shiga sauna yin wankan tururi, abinci ma sai na yi da gaske. Abu ɗaya ya riƙe, wai ya tsare fuskarta kafin ta tafi.

Roƙona ɗaya ne. Ka tsaya a kan dokarka. Ka ce kyamarar ba ta cancanta ba, ku jefa ƙuri'a ku kayar da shi. Zai yi fushi, zai zage ku har bazara, kuma fushin zai riƙe shi a raye. Amma kada a rataye hoton nan a gaban mutane, kada kuma kowa ya gaya masa abin da ke ciki. Na san bai kyauta wa mutane da yawa ba a ƙungiyar nan. Kai ne ka riƙe ni a coci ranar da aka yi mini baftisma, shi ya sa na zo wurinka.

Allah ya bar mu tare.

'Yarka,
Lynette


Duluth, 9 ga Janairu

Lynette,

Bayan gaisuwa, ina yi miki barka da sabuwar shekara. Wasiƙarki ta zo rana ɗaya da ta mahaifinki. Da taki ce ta fara zuwa hannuna, wataƙila da amsar nan ta zama daban.

Ke ƙarama ce lokacin da abin da zan gaya miki ya faru. Marlys tana ɗaukar hoto kafin in san ta. Shekarar da muka yi aure ta shigo da hoto ɗaya baje kolinmu, mahaifinta ne yana gyaran raga a bakin tabki. Na rataye shi da hannuna. Ranar buɗewa mahaifinki ya tsaya a gabansa ya daɗe, sannan ya ce, “Wannan na waye?” Ta ce nata ne. Ya ce, “Kawo kyamarar.” Ya leƙa fitila da ita a gaban kowa, ya ce, “Inuwa ɗaya. Kintace kika yi, 'yar gari, sa'a ce ta taimake ki.” Ya cire hoton daga bango ya jingina shi a ƙarƙashin teburin kofi, fuskarsa na kallon bango, ya ce mata, “Tunda kina nan, ki duba mana tukunyar, ta kusa ƙarewa.” Mutane suka yi dariya. Ni ma ina tsaye, na yi murmushi, don ina so ya ci gaba da koya mini. A taron da ya biyo baya ya rubuta doka ta huɗu. Hoton nan ya fi duk abin da ke bangon kyau, kuma ya sani. Marlys ba ta sake saka fim a kyamara ba har ta mutu.

Niyyata da farko in bar shi ya ɗanɗani dokarsa kawai. Sai ya rubuto yana yaba mata iya kofi.

An yi taro ranar Alhamis. Na karanta wasiƙarsa daga farko har ƙarshe kamar yadda ya nema, har da abin da ya ce a kaina. Daga nan na miƙe na goyi bayansa. Na ce hujjarsa ta gamsar da ni, mai kintace ma namu ne, musamman gwani irinsa. Butch ya ce a nuna musu hoton tukuna, na ce ba a taɓa tantance hoton Arvo Salmela ba, ba kuma a kaina za a fara ba. Aka ɗaga hannu, ba wanda ya ƙi. An soke doka ta huɗu. Ki gaya masa ya yi nasara.

Za a rataye shi a bangon da ke kallon ƙofa. Na sa an ƙara masa girma ya kai faɗin taga, da sunansa a ƙasa.

Af, kyamarar da na ba shi ta Marlys ce, wadda mahaifinta ya zo da ita daga Turai bayan yaƙi. Na sa masa ita a hannu a Afrilu, ya juya ta, ya shinshina fatar, ya ce, “Ina ka samo wannan tsohuwar?”

Ki kula da kanki a hanya, an ce titin arewa ya yi santsi.

Naki,
Duane


Ely, 8 ga Fabrairu

Duane, yaron kirki,

Gaisuwa mai yawa, da godiya. Na zage ka, kai kuma ka tsaya mini a gaban taro. Ba na iya ba da haƙuri, ba a koya mini ba, amma ka ɗauka na bayar.

Da ƙyar na zo ranar Asabar. Lynette ta yi ta kawo dalilai, wai hanya ba kyau, wai mota na tari, wai kanta na ciwo. Na sa kwat ɗina na jana'iza na ce mata zan tsaya a bakin titi in tare motar katako. Sai ta ɗauko makulli. Da muka shiga laburaren ta tsaya wajen rataye riguna ta ƙi matsowa. Na ɗauka kewar mamanta ce.

Ka gan ni ai. Na tsaya kusa da hoton kamar ango. Mutane su shigo da surutu, su iso gabansa su yi tsit. Na ce a raina, ka ji shi, haka hoto ke yi wa mutane. Butch ya kama hannuna ya ce, “Arvo, wannan... wannan sabon salo ne.” Na ce, “Tsohon salo ne, jaki, ƙafa takwas da hannun da ya san aiki.” Bai yi dariya ba, ya ce bari ya je ya nemo kofi.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wata mata, ban san ta ba, muryar baƙuwa ce. Ta tsaya a gefena da wani namiji, ba ta san ni ne mai hoton ba. Ta ce, “Kai, motar ta fito da kyau.” Ya ce, “Mene ne wannan a gaba, kare ne?” Ta ce, “Yi shiru, an rubuta sunan mace.” Suka wuce suna ƙunshe dariya.

Wace mota, Duane? Na tambayi Lynette a hanya, ta ce wani hoton suke nufi, na kusa da nawa. Na kusa da nawa gadarka ce, na san ta ko a cikin duhu.

Idona ya mutu, kunnena bai mutu ba. Na yi ta juya shirun nan a kaina, yanzu ban san ko wane irin shiru ba ne. Kai ka riƙe hoton a hannunka da za a ƙara girman. Ba ka taɓa yi mini daɗin baki ba, shi ya sa nake tambayarka ba 'yata ba. Fuskar Irja ta fito ko ba ta fito ba?

Ina jiran amsa.

Tsohon malaminka,
Arvo


Duluth, 12 ga Fabrairu

Arvo,

Ina gaisuwa. Na sayi alƙalami irin naka, na yi baƙaƙen manya-manya don ka karanta da kanka. Mai kawo wasiƙu da rana yake zuwa, Lynette tana wurin aiki, ba sai ka wahalar da ita ba.

Ba ta fito ba. Ba a wannan ba, ba a ko ɗaya ba.

Kyamarar ta Turai ce. Lambobinta mita ne, ba ƙafa ba. Ka ce in sa maka gam a kan takwas, na sa a kan takwas. Kana tsaye ƙafa takwas daga Irja, gilashin yana kallon mita takwas, can bayan shinge. Abin da ya fito tar shi ne motar maƙwabcinka. Ana karanta lambarta.

Na zo gidanka a Yuli, na tsaya a bayanka ina kallo kana ƙirga taku uku.

Lynette ta gani tun fim na farko. Da ta gaya maka a lokacin, da ka gano kuskuren a yini ɗaya, Irja tana zaune a kujerar.

Kyamarar ta Marlys ce. Ita da ta kintata, ta dace.

Hoton zai zauna a bango har ƙarshen wata.

Naka,
Duane


Ely, 20 ga Fabrairu

Duane,

Gaisuwa. Na karanta da kaina. Rubutunka ya fito da kyau.

Na ɗauko kyamarar na kai ta taga, na sa gilashin ƙara girma, na yi ta juya kaina har gefen idona ya kamo ɗan harafin mita da ke bayan lambobin. Yana nan. Ɗalibin wata ɗaya ma ya san ya duba wannan, ni ban duba ba, don a raina duk duniya da ƙafa take awo.

Lynette ta dawo ta same ni da takardunka a baje a tebur. Ba mu yi faɗa ba. Ta ce, “Baba, bari in yi maka bayani.” Na ce ta je ta ɗora abinci. Tun daga ranar nan ba mu cika magana ba, sai gaisuwa.

Na yi ta ƙoƙarin tuna hoton da Marlys ta kawo baje koli. Lynette ta ce mutum ne da raga. Ba zan yi maka ƙarya ba, ban tuna shi ba. Na tuna tana sa kirfa a kofi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar da ka zo a Yuli, kyamararka tana wuyanka, ba ka fita ba ita. Ina saka fim na ji ka danna, sau ɗaya, na san ƙararta kamar yadda na san tarinka. Irja tana magana da kai lokacin, ta ɗauka kai ne ƙanenta da ya rasu. Kai ba ka kuskuren nisa, wannan kam na koya maka da kyau.

Idan yana nan, ka aiko mini. Na san ba zan gan shi ba. Ina so dai in san akwai shi a ɗakin nan. Ka ɗauki duk kyamarorina, ka cire sunana daga ƙungiyar, ka bar wancan a bango har shekara in kana so. Ban taɓa roƙon mutum ba, ban ma san yadda ake yi ba, amma roƙonka nake yi.

Allah ya ba ka lafiya.

Arvo


Ely, 27 ga Maris

Duane,

Gaisuwa. Ya iso jiya. Na riga na fid da rai, mai kawo wasiƙu ma ya fara tsallake ƙofarmu da sauri don kada in tare shi.

Ba ka sa takarda a ciki ba, na gane, ba sai ka ce komai ba. Ƙarami ne, ya zauna a tafin hannuna. Na sa shi a aljihun riga. Ban nuna wa kowa ba, ban kuma tambayi kowa abin da ke ciki ba, ba zan tambaya ba. Jiya na ci abinci tare da Lynette a tebur.

Na gode, yaro.

Arvo


Ely, 27 ga Maris

Mista Torgerson,

Gaisuwa. Ga wasiƙar Baba, ya ba ni in saka a akwati, na ƙara wannan a ciki.

Na jira ka aiko masa da hoton fiye da wata. Ranar Litinin na buga wancan hoton na bango a ƙaramar takarda, na tuƙa mota har Duluth na saka shi a gidan waya don hatimin garin ya fito.

Idan kana da na gaskiyar, ka riƙe abinka. Kada ka sake rubuto mana, da manyan baƙaƙe ko da ƙanana. Na bar aikin rana, ni ke karɓar wasiƙu yanzu.

Ka huta lafiya.

Lynette Salmela